BAYAN DOGUWAR NAƘUDA: Rainon Yaro Mai Lalura a Bakin Kogin Haɗeja

Idan mace ta sauka bayan ta sha wuyar naƙuda, abin da 'yan barka ke faɗa shi ne, "Tunda an rabu lafiya, ai shi ke nan." To amma ke ma kin san akwai gidajen da ba a nan zancen ke ƙarewa ba. Sai an yi suna, an gama wanka, 'yan'uwa kowa ya kama gabansa, sannan uwa za ta lura jaririnta ba ya kama nono da kyau, ko wata shida sun wuce wuyansa bai tsaya ba, ko kuma sa'o'insa suna rarrafe shi ko zama bai fara ba. Daga nan ne wata naƙudar ke farawa, wadda ba ta da ranar suna, wadda kuma sau da yawa uwa ita kaɗai ake bari da ita.

Mun ɗauki ƙasar Kirikasamma, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa, domin a can ne za ki fi ganin yadda ruwa da hanya da al'ada ke haɗuwa a kan mace mai naƙuda. Amma ko a ina kike, za ki ga gidanku ko na maƙwabta a cikin wannan bayani.

ME KE FARUWA DA JARIRI?

Muddin jariri yana ciki, ta mabiyiya da cibiya yake samun iskar da yake rayuwa da ita. Duk lokacin da mara ta murɗa, jinin da ke zuwa masa yakan ragu na ɗan lokaci, sannan ya dawo. Wannan ba komai ba ne idan naƙuda na tafiya daidai. Amma idan ta tsawaita, ko kan yaro ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ya zo a gicciye, ko mabiyiya ta ɓalle kafin lokaci, ko uwa ta kamu da jijjiga, to iskar da ke isa ƙwaƙwalwarsa sai ta yi ƙaranci. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska. Mintuna kaɗan sun isa su bar mata tabon da ba ya gogewa. Irin wannan jariri ne ake haifa bai yi kuka ba, jikinsa laƙwas, wani ma ya riƙa fizge-fizge a kwanakin farko.

Abin da kan biyo baya shi ne lalurar da likitoci ke kira sarebural falsi, wato sanƙarewa ko saki na gaɓɓai saboda raunin da ƙwaƙwalwa ta samu. A duniya ana samun yara 2 zuwa 3 masu ita a cikin kowace haihuwa 1,000. Wani likitan Ingila mai suna William Little shi ne ya fara danganta ta da wuyar haihuwa, tun a shekarun 1860. Bincike na baya ya nuna ba kullum ba ne naƙuda ke jawo ta: haihuwar bakwaini, da cutar da ta kama uwa tana da ciki, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna iya haifar da ita. Sai dai a asibitocin Nijeriya, manyan dalilan da likitocin yara ke yawan gani su ne rashin numfashi lokacin haihuwa da kuma shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani.

Ki lura, 'yar'uwa, wannan daban take da shan inna. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tun watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayarta daga Afirka. Ita wannan lalura ba a ɗaukarta, ba ta yaɗuwa tsakanin yara, kuma tabon da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa. Ba kuma duk yaran ne halinsu ɗaya ba. Kusan biyu cikin uku suna iya tafiya, ko da da sanda ne, kuma kusan rabinsu hankalinsu da fahimtarsu ƙalau suke, jikin ne kawai ba ya bin umarninsu. Yaron da yawu ke zuba daga bakinsa, maganarsa ba ta fita, mai yiwuwa yana fahimtar duk abin da ake faɗa a kansa.

RUWA, HANYA DA KUNYA

Ƙasar Kirikasamma tana cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ƙasar shinkafa da kifi da noman rani. Albarkar ruwan nan ita ce kuma jarrabawar mai ciki. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa kwanciya a inda da can tudu ne. Idan damina ta yi nisa, musamman a shekarun ambaliya irin 2012 da 2020 da 2022, ƙauyukan da ke kewayen Marma da Madaci da Baturiya sukan wayi gari hanyar mota ta yanke, sai dai kwalekwale. Ki ƙiyasta macen da faya ta fashe mata da tsakar dare a watan Satumba: sai an nemo mai fito, an tsallaka, sannan a nemi babur ko amalanke ko motar kasuwa, kafin a kai Babban Asibitin Haɗeja ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru.

Tun a 1994 masana suka karkasa abin da ke halaka mata masu haihuwa zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku haƙƙi ne a wuyan hukuma. Na farko kuwa a cikin ɗakunanmu yake. Yarinya mai cikin fari takan danne naƙuda saboda kunya, ta yini tana murƙususu ba ta faɗa wa kowa ba. Maigida ya tafi kamun kifi ko ci-rani, ba wanda zai ba da izinin fita. Tsofaffi su ce a ƙara haƙuri, su ma haka suka haihu. A jiƙa wannan, a turara wancan, wani lokaci a kira mai kyamis ya yi allurar ƙara naƙuda, alhali wannan allura idan aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana iya shaƙe jariri ko ta fasa mahaifa. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, matan Arewa maso Yamma da suka haihu a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba.

ABIN DA AKE BARIN UWA DA SHI

Naƙudar da ta raunata ɗa ba ta cika barin uwa haka nan ba. Kan jaririn da ya daɗe yana danne mafitsara shi ke jawo yoyon fitsari. Wata ta tashi da ƙafa tana ja, wata da ƙarancin jini, wata da ɗinkin tiyata. A cikin wannan hali ne za ta fara rainon yaron da ba ya barci, ba ya tsotso, kuma kukansa ba ya ƙarewa. Alhamdu lillahi, yoyon fitsari yana da magani. Ana yin aikinsa a Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, da cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala a Kano, da kuma Babbar Ruga a Katsina. Kada ki bari kunya ta zaunar da ke ko 'yar'uwarki a ƙuryar ɗaki.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga matsalar damuwa bayan haihuwa, balle wadda ta leƙa lahira ta dawo. Za ki ga mace tana yawan tuna daren nan, tana firgita cikin barci, gabanta na faɗuwa idan ta ji wata na naƙuda, ko ta ƙi bin hanyar asibiti. Wata ba ta jin daɗin komai, ba ta son cin abinci, hawaye na zubo mata ba dalili. Wata kuma abin da ta fi jin kunyar faɗa shi ne, ta kasa jin ɗan nan a ranta kamar sauran 'ya'yanta, sai ta ɗauka ita muguwar uwa ce. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya ko likita. Idan kuwa har zuciya ta fara raya miki ki cutar da kanki ko yaron, to kada ki kwana da wannan magana ke kaɗai.

Sai kuma tambayar da ke cin uwa: "Da na faɗa da wuri fa? Da mun tafi tun la'asar fa?" Manzon Allah (SAW) ya hore mu da mu guji irin wannan "da na sani", domin ƙofa ce ta Shaiɗan. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kunya, ba ta da kuɗin mota, ba ta da ikon fita, ba ita ce za a ɗora wa laifin ambaliya da rashin hanya ba.

BAKIN MUTANE

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ki ga kowa ya zama likita. A garuruwan bakin ruwa, abin da aka fi faɗa shi ne wai ɗan ruwa ne, aljanu sun musanya shi saboda uwar ta je rafi da almuru tana da ciki. Wasu ma har sukan ba da shawarar a kai shi bakin kogi a ajiye, wai zai koma inda ya fito. Subhanallahi! Ki sani wannan ɗa naki ne, jininki ne, rai ne da Allah ya haramta a salwantar, kuma za a tambaye ki a kansa, a tambayi wanda ya ba da shawarar. Wasu kuma su ce daga dangin uwa aka gado, ko kishiya ce ta yi hannu. Gidaje nawa ne zumunci ya tarwatse a kan zargin da bai da tushe?

A nan ne kuma dukiyar gida ke zurarewa. A sayar da akuya, a sayar da buhun shinkafa, a kai wa duk wanda ya ce yana da laƙani. Gaskiya ɗaya ce: har yau babu allura ko jiƙo da ke goge wannan tabo. Duk wanda ya ce miki zai miƙar da yaro cikin kwana bakwai, kuɗinki yake so. Ki yi masa tofi da addu'o'in da suka tabbata, ki kuma kai shi asibiti, domin Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani.

ƊAN ABIN DA HANNUNKI ZAI IYA

Ƙwaƙwalwar yaro ƙarami tana da saurin koyon sabuwar hanya, don haka fara kulawa da wuri yana kawo bambanci mai yawa. Ki nemi sashen gashi a babban asibiti mafi kusa. Idan da hali, akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala. Ba sai kin riƙa zuwa kullum ba. Ki roƙi ma'aikacin ya koya miki motsa gaɓɓan da hannunki, ki riƙa yi masa a gida safe da yamma, a hankali ba da ƙarfi ba. Gaɓar da aka bari ba motsi ita ce ke ƙagewa.

Kada ki bar shi kwance a ɗaki yini guda yana kallon rufi. Ki riƙa sauya masa kwanciya don gudun gyambo. Ki zaunar da shi a cikin baho ko a kusurwar ɗaki, ki tokare shi da zannuwa, ko kafinta ya haɗa masa 'yar kujera mai majingini. Ki fito da shi tsakar gida ya ga yara, ya ji hira, ki riƙa kiran sunansa kina yi masa magana ko da bai amsa ba.

Wajen ciyarwa, kada ki ɗura masa yana kwance, domin abinci na iya bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu. Ki zaunar da shi, kansa ya ɗan sunkuyo, ki ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Kunu mai kauri ya fi masa sauƙin haɗiya a kan mai ruwa-ruwa. Ki ƙara masa gyaɗa ko waken suya, da kifin da Allah ya hore wa ƙasar nan, da zogale, da ɗan manja, saboda irin waɗannan yara tamowa na saurin kama su. Kada kuma a fasa yi masa rigakafi.

Kusan ɗaya cikin uku na waɗannan yara suna da farfaɗiya. Idan ta tashi, ki kwantar da shi a gefe ɗaya, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. Idan ta wuce minti 5, a nufi asibiti. Akwai maganin da ke kwantar da ita idan ana sha kullum ba fashi. Kuma ke da ke zaune a bakin ruwa, kada a bar shi shi kaɗai kusa da kogi ko murhu.

Ke ma ki ji tausayin jikinki. Goyon ɗan shekara shida ko bakwai yana karya baya. Ki durƙusa ki ɗauke shi maimakon ki sunkuya. Kada kuma ki mayar da babbar 'yarki uwa ta biyu har ta rasa makaranta. A raba aikin tsakanin mutanen gida.

SAƘO ZUWA GA MAIGIDA

Uwargida, wannan sashe ki karanta wa maigida, cikin ladabi da zaɓen lokaci. Shi ma yana da nasa ciwon, sai dai namiji ba ya faɗa. Wani yana jin nauyin cewa ba ya gari ranar da abin ya faru, wani kuma kuɗin magani ne ya sha masa kai, sai abin ya fito a matsayin faɗa ko ƙaurace wa ɗakin. Amma Malam, ciyarwa da tufatarwa da maganin wannan yaro a wuyanka shari'a ta ɗora su. Sakin uwarsa a tura ta gidansu da shi ba ya sauke maka wannan nauyi. Ka ɗauke shi a kafaɗarka ka fita da shi ƙofar gida; ranar da mutane suka ga ba ka jin kunyarsa, bakinsu zai mutu. Ke kuma abokiyar zama, da ke uwar miji, awa ɗaya da za ku karɓe shi ta samu ta runtsa, sadaka ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Addininmu bai san wulaƙanta mai lalura ba. Saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma shi ne ya zama ladanin Annabi (SAW), har ana bar masa riƙon Madina idan an fita. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin baiwar Allah mai farfaɗiya da aka yi wa albishir da Aljanna saboda haƙurinta. Ta fuskar hukuma ma yaronki yana da haƙƙi. Jigawa ta fara biyan naƙasassu alawus na Naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, sannan a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta haramta nuna musu bambanci, har da wajen karatu. Maigida ya je sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya tambayi abin da ake yi a yanzu. Idan yaro na iya zuwa Islamiyya ko firamare, ko da goya shi za a yi, a kai shi.

CIKI NA GABA

Mace da yawa da ta ga irin wannan takan ji tsoron sake ɗaukar ciki, kuma tana da hujja. Ki ba jikinki hutu; likitoci na ba da shawarar tazarar aƙalla shekara 2 kafin wani cikin, daidai da tsawon shayarwar da Alƙur'ani ya ambata. Idan cikin ya samu, ki fara awo da wuri, ki kuma faɗa musu duk abin da ya faru a haihuwar baya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a je awo sau 8. A duba hawan jini, a kuma duba rukunin jininki, domin akwai matan da jininsu ke saɓawa da na jariri, waɗanda ake yi wa allura cikin awa 72 bayan haihuwa don kare 'ya'yan gaba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ƙirga watan haihuwarki. Idan zai faɗo a Agusta ko Satumba, ku shirya da maigida ki koma wurin dangi a Haɗeja ko wani gari mai asibiti tun kafin ruwa ya rufe hanya. Ki nemi izinin fita tun yanzu, a gaban uwar miji, don kada a tsaya jiran wanda ba ya nan. A ware kuɗin mota, a san direban da za a kira, a tambayi mai unguwa ko shirin Haihuwa Lafiya na jihar yana da mota a yankinku, a kuma san wanda zai ba da jini. Naƙudar da ta yini ta kai dare, ko zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi da gani dishi-dishi, ko hannu ko cibiya su riga fitowa, duk ba na jira ba ne. Idan likita ya ce sai an yi aiki, a sa hannu da wuri. Tiyata ba gazawar mace ba ce.

Bayan an haihu, minti na farko yana da tsada. Jaririn da bai yi kuka ba, ƙwararriyar ungozoma tana da 'yar jakar da take hura masa iska da ita, abin da ba a samu a ɗaki. A makon farko kuma ki riƙa duba idonsa da dasashinsa a hasken rana. Idan kin ga rawaya, musamman a ranar farko, ko ya ƙi nono, ko ya cika barci, kada ki tsaya shanya shi a hantsi ko jiran a yi suna. Asibiti na da fitilar da ake sa jarirai a ƙarƙashinta. Ki kuma nisanta kayansa da kafur, domin yana tsananta shawara ga wasu jarirai.

A ƙarshe, 'yar'uwa, idan Allah bai jarrabce ki da wannan ba, to akwai wadda ya jarraba a unguwarku, wadda ta daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake yi wa ɗanta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki shiga ki gaishe ta, ki ɗauki yaron, ki kira shi da sunansa. Ke kuma mai rainon, Allah yana ganin kowane dare da kika raya, da kowane wanki da kika yi. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya sa wahalar da aka sha ta zama nauyi a mizani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.